Batir a Cikin Mayafi

Saman Socaire muka kwana, ni da tsohona Eulogio,
a bayan akori-kura mai rumfar tamfol,
inda hanya ke gajiya da hawa ta kwanta.
Da asuba ruwan gora ya zama dutse.
Na haska fuskar batir: tara cikin ɗari.

Tara kacal.
Ga ɗan firiji a lungu yana gunaguni,
cikinsa kwalabe huɗu na allurar suga,
waɗanda da dare nake tsoron su daskare,
da rana nake tsoron su dahu.
Ran tsoho ke nan a kwalba,
kwalba kuma ta rataya a wuyan wannan baƙin akwati.

Rana ta leƙo ta kafaɗar dutsen Láscar,
fara fat, ba ɗumi, kamar gaisuwar mai bin bashi.
Na shimfiɗa farantin sola a kan tsakuwa,
na tokare shi da taya, na share raɓar da ta ƙanƙare,
na jona waya.
Jar fitila.
Na zare, na hura bakin, na mayar.
Jar fitila.
Na tayar da inji ko zai sha ta can,
ya dube ni da jan idonsa guda.
Na zage shi da zagin da ban san na iya ba.

Tsoho na tari, yana dariya a cikin tarin.
Ya ce, “Herminia, bar shi.
Ke ma ba kya cin abinci haƙoranki na kaɗawa.
Litiyom ba ya karɓar wuta jikinsa na ƙasa da sifiri,
in an ɗura masa dole, ciki yake lalacewa.”

Ya nuna ƙasa da haɓa,
can inda filin gishiri ke kwance kamar zanen da aka manta a shanya,
da tafkunan kamfani jere, kore, shuɗi, ruwan ɗorawa.
Shekara ashirin da shida ya yi a bakinsu,
yana auna ruwan da ba a sha,
har gishiri ya ci masa takalma goma sha,
ya ci layukan tafin hannunsa.
Ya ce, “Wa ya sani ko ɗan gida ne?
Ya tafi a buhu, ya haye teku,
ya dawo da marfi da lamba da farashi,
bai ko gane ni ba.”

Sai ya miƙa hannu.
Na ciccibo masa, nauyin jinjiri mai wata bakwai.
Ya buɗe mayafin ulun da Celinda ta saƙa masa
shekarar da ta rasu,
ya sa batir a ƙirji, ya rufe,
kamar yadda ya taɓa yi wa ɗan tunkiyar da uwa ta ƙi.
Waya ta fito ta wuyan mayafi, ta bi ƙasa zuwa faranti,
cibiya doguwa.

Muka zauna.
Na dafa shayi, ya huce kafin in miƙa.
Iska ta zo ta duba tamfol ta wuce.
Ban san minti nawa ba; agogona ma a wayar da ta mutu yake.
Na dai ga inuwar mota ta janye ƙafa daga kan dutse,
na ga leɓensa ya bar rawa.

Ya leƙa cikin wuyan mayafi, ya daɗe.
“Kore,” ya ce.
Sannan, “Goma.”

Na ce ya kawo in ajiye, hannunsa ya huta.
Ya ƙara ƙanƙame shi.
“Bari ya kai sha biyar tukuna.
Yanzu ya fara sha.”